Ina da naira 400,000, wane injin kafinta zan fara saya?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina zaune a gidan mahaifina a Kano. Na gama difloma, aiki bai samu ba, ina taya wani ɗan'uwanmu tsaron shago, kuma a hankali na tara naira 400,000. Na daɗe ina sha'awar aikin kafinta, ina yawan kallon bidiyonsa a YouTube, har na taɓa haɗa ɗan tebur da zarto da hama na aro. Yanzu ina so in sayi injuna masu sauƙin kuɗi in fara aiki a zauren gidanmu, amma ban san wanda zan fara saya ba. Wani abokina ya ce in sayi giranda, wato injin yanka da gugar ƙarfe, in ɗaura mata faifan zarto, ta yi mini yanka da gugu gaba ɗaya. Wani kuma yana da injuna na gwanjo da aka kawo daga Amurka, zai bar mini da araha. Mahaifina bai so, yana cewa bai biya mini kuɗin makaranta don in zama kafinta ba. Ni kuma, gaskiya, ina jin nauyin in je in zama yaron shago a waɗannan shekarun nawa. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam ƙanena. Burinka mai kyau ne, kuma kuɗin da ke hannunka sun isa a fara da su, da sharaɗin ba za ka juye su duka a kan injuna ba. Ra'ayina shi ne inji uku sun ishe ka a shekarar farko, wato na huda, da zarton lantarki na hannu, da na gugar katako, kuma ko a cikinsu ba na so ka sayi ko ɗaya sai ka yi aƙalla wata shida kana aiki a shagon wani. Na san wannan ne abin da ba ka so ka ji, shi ya sa zan fara da shi.

Bidiyon da kake kallo yana da amfani, amma mafi yawansa an ɗauke shi ne a Amurka da Turai, inda mai aiki yake sayen katakon da aka riga aka busar a inji aka kuma kankare shi ya miƙe, wutarsa ba ta ɗaukewa, shagonsa kuma cike yake da manyan injuna. Kai katakon da za ka tarar a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo sau da yawa ɗanye ne, kaurinsa bai daidaita ba, wani ya karkace, wani yana da ɓaragurbi a ciki. Yadda ake ɗaga falanki a hango tsawonsa da ido ɗaya a gane karkatarsa, da yadda sautin zarto yake canzawa idan katako ya fara matse shi, da wanda ake sayen kaya a hannunsa a kasuwa da wanda ake kaucewa, da yadda ake yanka wa mai saye farashi, duk waɗannan a tsaye kusa da gwani ake ɗaukarsu. Bugu da ƙari, a shagon wani za ka riƙa injunan da hannunka kafin ka fitar da kuɗinka, ka ga wanda ake ɗauka kullum da wanda ƙura ta rufe a lungu.

Game da jin nauyin da ka ambata, ba dole ba ne ka shiga a matsayin yaron da za a riƙa aika sayo abinci. Ka je wa mai shago a matsayin babban mutum mai neman sana'a, tare da wani dattijo da yake ganin girmansa, ku yi magana a fili a kan tsawon lokaci da abin da za ka biya da abin da za a koya maka. Mai shago yakan sake da wanda ya iya karatu da lissafi, domin zai taimaka masa wajen awo da rubuta kuɗin aiki, ka ga karatunka ya zama abin da za ka kawo. Kafin ka zaɓi shagon, ka duba ayyukan da aka gama: ka buɗe ƙofar kabad ka rufe, ka ja durowa, ka leƙa bayan kaya inda ba a sa ran mai saye zai duba. Ka kuma lura ko an cire murfin kariya daga injuna, domin wanda ya koya a irin wannan wuri da wuya ya rabu da ɗabi'ar. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da shirin haɗa masu koyo da masu sana'a, kuma ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana shirya jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, wadda takardarta za ta yi maka amfani ranar da za ka nemi kwangilar makaranta ko ofis.

Kafin maganar inji kuma akwai maganar wuta, wadda masu farawa suka fi mantawa da ita. Zarton lantarki mai faifan milimita 185 yana cin wat 1,200 zuwa 1,400, kuma a lokacin da yake tashi yana jan ninki biyu ko uku na wannan na ɗan lokaci. Ƙaramin janareton nan da aka rubuta wa 950 a jiki ainihin ƙarfinsa bai wuce wat 650 zuwa 800 ba, saboda haka ba zai ɗauki zarto ba ko kusa. Wanda zai ɗauke shi cikin kwanciyar hankali sai mai kilowat biyu da rabi zuwa sama, kuma wannan shi kaɗai zai iya cinye mafi yawan abin da ka tara, ga kuɗin fetur, wanda kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Don haka kada ka sa janareto a lissafinka na farko. Ka tsara aikinka a kan lokutan da unguwarku take samun wuta, ko ka nemi ɗan lungu a shagon da ke da janareto ka riƙa ba da naka kason na mai. Manyan yanka kuwa, irin tsaga falanki da kankare shi, ka biya masu injin kasuwar katako su yi maka a can, haka kafintoci da yawa suke yi, kuma ba ƙasƙanci ba ne. Idan wuta ta zo da rauni, har fanka tana juyawa da ƙyar, kada ka tilasta wa zarto, domin zai riƙa cijewa a cikin katako yana ɗaukar zafi har kwayil ɗinsa ya ƙone. Wayar da za ka ja wuta da ita ma ta zama mai kauri, ba siririyar da ake cajin waya da ita ba, kuma ka warware ta duka idan kana aiki don kada ta yi zafi a naɗe.

Saboda wannan matsala ta wuta ne nake ganin injin huda mai batir shi ne sayayyarka ta farko, ko da yake ya fi mai waya tsada. Shi ne zai huda maka, shi ne zai ɗaura maka sukuru, kuma shi ne za ka ɗauka zuwa gidan mai aiki ranar haɗa kaya, inda sau da yawa za ka tarar babu wuta. Ka nemi mai bolt 18 ko 20, wanda a aikace ƙarfi ɗaya ne aka rubuta iri biyu, mai batir biyu domin ɗaya yana aiki ɗaya yana caji, kuma idan da hali wanda yake da saitin bugu don huda bulo idan za ka kafa kanta a bango. Batirin ba ya son zafi, kada ka bar shi a rana ko a ƙarƙashin kwanon rufi a watannin bazara. Ka kuma saba da huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura sukuru, musamman kusa da bakin katako, domin wannan ɗan jinkirin ne yake hana tsagewa.

Na biyu shi ne zarton lantarki na hannu mai faifai, kuma a kansa zan ɗan daɗe, domin shi ne zai ɗaga aikinka, shi ne kuma zai iya raunata ka. Mai faifan milimita 185 yana yanka kaurin da ya ɗan haura santimita shida, wanda ya isa ga kusan duk abin da mai farawa zai taɓa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ingancin yanka ya fi dogara ga faifan fiye da injin. Faifai mai haƙora 24 na tsaga katako ne a tsawonsa, yana da sauri amma yana barin kaushi, shi kuwa mai haƙora 40 zuwa 60 shi ne na yankan filawud da allunan da aka lulluɓe da launi, inda ake son baki ya fita sumul. Inji mai matsakaicin kuɗi da faifai mai kyau ya fi inji mai tsada da dakusasshen faifai nesa ba kusa ba. Don yanka ya miƙe, kada ka dogara da hannunka da layin fensir kawai. Ka samu miƙaƙƙen katako, misali gefen filawud da ya zo daga masana'anta, ka matse shi da kilam biyu, wato ƙarfen matse katako, a kan allon, ka bi jikinsa da gindin zarton. Da wannan dabara kaɗai za ka iya yanka allon ƙafa huɗu da takwas ya fito kusan yadda babban injin tebur zai fitar da shi. Fuskar allon da ake so ta yi kyau ka kifa ta ƙasa, saboda haƙoran suna fitowa ne ta sama, can suke tsattsaga baki. Ka kuma tuna faifan da kansa yana cinye milimita biyu zuwa uku, don haka a gefen layin da za a yar ake yanka, ba a tsakiyarsa ba.

Haɗarin wannan inji shi ne tutsu, wato katako ya matse faifan ana cikin yanka, injin ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Yana faruwa ne idan allon ya lotsa a tsakiya, ko ɓangaren da ake yankewa ba shi da inda zai faɗa, ko faifan ya dakushe, ko aka karkatar da hannu. Maganinsa shi ne ka shimfiɗa allon a kan sandunan katako da yawa yadda kowane ɓangare yana da abin da ya tokare shi, ka saita zurfin faifan ya ɗan leƙo ƙasan katakon kaɗan kawai, ka riƙe injin da hannu biyu, ka tsaya a gefen layin yanka ba a bayansa ba, kuma ka bari faifan ya gama ɗaukar gudu kafin ya taɓa katako. Murfin da ke rufe faifan da kansa kada ka taɓa ɗaure shi da waya ko ka cire shi, ko da ka ga wasu suna yi. Duk lokacin da za ka canza faifai, ka zare fulogi tukuna.

Shawarar abokinka ta ɗaura faifan zarto a kan giranda kuwa, ina roƙon ka ka watsar da ita gaba ɗaya. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, ninki biyu na gudun zarton katako, ba ta da gindin da zai zauna a kan allo, ba ta da murfin da zai rufe haƙora idan ta kuɓuce, kuma idan haƙoran suka kama katako, a hannu ko cinya ko fuska take sauka kafin mutum ya ankara. Na san ana yi, kuma na san araha ce take jan mutane, amma yatsun da aka rasa ta wannan hanya ba su dawowa, kafinta kuwa da hannunsa yake cin abinci. Haka ma dabarar kifa zarton hannu a ƙarƙashin tebur a mayar da shi injin tebur, wadda za ka gani a shaguna da yawa, ba ta mai farawa ba ce, domin babu abin da zai hana katako ya rufe a bayan faifai ya harbo ka.

Na uku shi ne injin guga, wanda ake manna wa samfefa. Ba ya cin wuta sosai, wat 200 zuwa 300 ne, kuma shi ne yake raba aikin da ya yi kyan gani da wanda ya yi kama da na gaggawa. Ka fara da samfefa mai lamba 80, ka koma 120, ka ƙare da 180 ko 220, kada ka tsallake mataki. Zarton yanka lanƙwasa da injin fitar da ado a bakin katako da injin kankara duk ka jinkirta su. Ƙa'idar da nake so ka riƙe ita ce kada ka sayi sabon inji sai aikin da ke hannunka ya buƙace shi, kuma ribar aikin za ta iya biyan wani kaso na kuɗinsa.

Injunan gwanjo na Amurka da aka yi maka tayi, ka fara duba ɗan allon rubutu da ke jikinsu. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuma 230, don haka injin da aka rubuta wa 110 ko 120 idan ka soka shi a soket ɗinmu zai ƙone nan take, sai dai a haɗa shi da taransifoma mai rage wuta, wadda mai iya ɗaukar zarto nauyi gare ta da tsada, ta cinye arahar da aka yi maka. Idan masu batir ne, cajarsu tana iya samun wannan matsalar, batirin kuma mai yiwuwa ya riga ya tsufa. Gwanjon da ya fito daga Turai wutarsa ɗaya da tamu, kuma tsohon Bosch ko Makita na asali yana iya fin sabon mai araha ƙarko, amma sai an gwada shi a gabanka: a kunna, ka saurara ko yana ƙara mai kaushi, ka duba ko tartsatsi ya yi yawa ta ramukan iska, ka sansana ko akwai ƙaurin ƙonewa, ka girgiza faifan ka ji ko yana lilo. A cikin sababbi masu sauƙin kuɗi, Ingco da Total sun yaɗu a kasuwanninmu, kuma amfanin abin da ya yaɗu shi ne ana samun kabon ɗinsa, wato ɗan gawayin cikin injin da ke cinyewa da aiki, da makunninsa da wanda ya iya gyara shi. Jabu ya yi yawa, musamman a kan manyan sunaye, don haka idan ka ga an rubuta sanannen suna a farashin da bai kama hankali ba, ka wuce. Ka je Kofar Ruwa ko Sabon Gari tare da maigidanka na sana'a, ka saya a shagon da ke da mazauni, ka karɓi rasit. Ban faɗa maka farashi ba da gangan, domin yana bin canjin dala, abin da aka faɗa yau ba lallai ya kai wata mai zuwa ba.

Yadda nake ganin ya kamata ka raba kuɗin shi ne kada injunan uku su wuce rabi. Wajen kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ga kayan hannu, wato tef na awo mai kyau, da sikwaya ta ƙarfe don daidaita kusurwa, da zarton hannu, da hama, da cizal, wato ƙarfen sassaƙa katako, biyu ko uku da dutsen wasa su, da kilam aƙalla huɗu, da tabarau da takunkumi. Kilam ɗin nan kada ka raina su, domin gam ba ya kamawa da kyau sai an matse, kuma katakon da aka matse ba ya buƙatar hannunka kusa da faifai. Abin da ya rage shi ne jarinka na katako da gam da sukuru da banish, da kuma abin da za ka jingina da shi idan inji ya lalace. Wanda ya sayi injuna biyar ya rasa kuɗin falanki ɗaya bai fara sana'a ba tukuna. Aikinka na farko kuma ya zama teburin aikinka, mai nauyi, wanda ba ya rawa, domin a kansa za ka koyi daidaita kusurwa. Idan ka haɗa kowane abu mai kusurwa huɗu, ka auna daga lungu zuwa lungun da ke fuskantarsa ta ɓangarorin biyu, idan awon ya zo ɗaya to ya daidaita, idan bai zo ba ka gyara kafin gam ya bushe.

Yanzu ga katako, wanda shi ne yake kunyata kafinta fiye da inji. Mafi yawan falankin da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, inda iska take da laima, kuma sau da yawa ba a daɗe da yanka shi ba. Idan ya iso nan ya haɗu da iskar hunturu, sai ya riƙa sakin ruwan jikinsa yana tsukewa, kuma a faɗinsa yake tsukewa, ba a tsawonsa ba. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga ƙofar da aka haɗa da damina ta buɗe baki a watan Janairu, ko saman tebur ya tsage, ko ƙafar kujera ta fara rawa, mai saye kuma ba zai zargi damina ba, kai zai zarga. Don haka ka sayi katako tun kafin ka buƙace shi, ka jera shi a inuwa inda iska take ratsawa, a ɗage daga ƙasa, ka sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane falanki da na samansa, ka ɗora nauyi a kai, ka bar shi makonni. Kada ka shanya shi a rana tsaka don sauri, tsagewa zai yi. Don koyo ka fara da masu laushi da sauƙin kuɗi irin su obeche da malaina, waɗanda zarto da sukuru suke shiga cikin sauƙi, amma ka sani obeche ƙwari suna son sa, sai an shafa masa magani. Maɗaci da loko sun fi ƙarko da kyau da tsada, ka bari hannunka ya faɗa kafin ka taɓa su. Allunan MDF da ake yin kabad da kayan kicin na zamani da su ba su tsukewa kamar falanki, kuma sun dace da zarton hannu da miƙaƙƙen katakon da na bayyana, sai dai ruwa yana kumbura su, bakinsu kuma ba ya riƙe sukuru da ƙarfi. Duk abin da ka yi da su ka ɗaga shi daga ƙasa, domin ɗakunanmu ana wanke su da ruwa, gara kuma ta ƙasa take hawowa kan kowane irin katako.

Lafiyarka ma jari ce. Ƙurar katako ba ƙazanta ce kawai ba, domin hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanci ga masu shaƙarta shekara da shekaru. Ƙurar loko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata, ta MDF kuma laushi gare ta ƙwarai, ga sinadarin gam a cikinta. Ka sa takunkumin ƙura na gaske, ka sa tabarau, ka toshe kunnenka idan zarto yana aiki, domin ƙararsa tana rage ji a hankali ba tare da mutum ya lura ba. Kada ka yi aiki da jallabiya ko riga mai faɗin hannu, ka sa matsattsiya. Zauren gidanku kuma ban ga ya dace ba, saboda hanya ce ta kowa, yara suna wucewa, ƙura za ta shiga har cikin ɗakuna, ga dusar katako da banish da tina, wato ruwan tsinka fenti, da ke kama wuta cikin sauƙi. Idan dole a gida za ka yi, ka kafa rumfa a waje, ka samu akwati mai kwaɗo da za ka kulle injuna, ka kuma girmama lokacin hutun maƙwabta.

Ayyukan da za ka fara karɓa su zama ƙanana masu maimaituwa: benci, teburin mai shayi, kantar shago, kujerun ɗalibai na Islamiyya, akurkin kaji. Idan ka yi benci goma iri ɗaya za ka koyi abin da gado ɗaya ba zai koya maka ba, kuma kuskure a kansu ba ya karya jari. Kayan ɗakin amarya kada ka karɓa a shekarar farko ko da an roƙe ka, domin ranar biki ba ta matsawa, kuma iyaye ba su manta kafintan da ya kunyata su. Wajen yanka farashi, ka lissafa har da samfefa da gam da kuɗin ɗauko kaya da na mai da lalacewar faifai, ba katako kaɗai ba. Kafin alƙalamin da aka ba ka amana ne na wannan aikin, kada ka sayi inji da shi, kada ka gama aikin wani da shi. Abin da ya fi ɓata sunan kafintoci a garuruwanmu shi ne saɓa alkawari, kuma daga wannan ɗabi'ar ta cin kuɗin wani a aikin wani yake farawa. Idan aiki zai ɗauki mako biyu, ka ce uku.

Mahaifinka kuwa, ka fahimci cewa ba sana'ar yake ƙi ba, tsoro yake ji kada wahalar da ya sha a kan karatunka ta tafi a banza, kada kuma ɗan abin da ka tara ya salwanta. Kada ka yi jayayya da shi, kuma kada ka sayo injuna a ɓoye ya wayi gari ya gan su a gidansa. Ka nemi wani baffanka ko limamin unguwa da yake sauraro, ku zauna tare, ka nuna masa tsarinka a rubuce: shagon da za ka koya, da tsawon lokacin, da yadda ka raba kuɗin, da cewa ba za ka daina neman aikin da ya dace da takardarka ba. Idan maganar ƙasƙanci ta taso, ya tabbata a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne, amma ka bari dattijon da ka zo da shi ya faɗa, ya fi kyau daga bakinsa fiye da naka. Wata shidan nan na koyo suna da wata fa'ida a nan, domin kuɗinka suna ajiye ba a taɓa su ba, wanda hakan zai kwantar masa da hankali, kai kuma za ka gane ko sha'awar tana nan bayan ka ɗanɗana dakon falanki da gugar katako a zafin rana. Tsaron shagon ɗan'uwanku ma kada ka bari yanzu. Ka roƙe shi ku raba yini, safiya a wurin koyo, yamma a shago, har zuwa lokacin da ayyukan da kake karɓa da kanka za su riƙa kawo maka abin da ya kai wanda yake ba ka, wata uku a jere.